Takwarar Hajiya

"Gaskiya ba za ta farfaɗo ba," in ji likita. Zuciyar surukata ce ta tsaya ana tsakiyar kullen korona. An samu ta dawo bugawa, amma na'ura ke yi mata numfashi.

Shi ya sa da maigidana ya ce mu sa wa jaririyarmu sunanta, na amince har da hawayena. A gidansu na unguwar Sheshe, wadda aka yi wa takwara ita ke ɗauke yarinya bayan yaye. To, wa ke riƙon ɗiya daga kabari?

Maigida ya je ya raɗa wa mahaifiyar tasa albishir a kunne. Washegari Hajiya ta buɗe ido.

Ana cire mata robar numfashi ta ce, "Wata nawa ya rage a yaye min ita?"