Iskar Sent Orin

Ranar Litinin iskar tana gudun kilomita casa'in da biyar a awa. Abdulmajid yana buƙatar ta kai ɗari da sha tara.

Abokinsa Hisham ne ya koya masa wannan lissafi a shagon cin abinci na ƙasan gidajensu a unguwar Danau Kota, can ƙasar wajen da yake karatu. Akwai wani shafi a intanet inda ake zuba kuɗi a kan abin da bai faru ba tukuna. Tambayar makon ita ce, guguwar da ta taso a tekun Karebiya za ta auka wa tsibiran Sent Orin a matsayin mahaukaciyar guguwa, mai gudun ɗari da sha tara ko fiye, ko kuwa za ta isa da sauran hankalinta?

"Ba caca ba ce," in ji Hisham. "Hasashe ne. Kai da kake digiri na uku a kan ruwa?"

A kan magudanan ruwa yake karatunsa a jami'ar da ke Jalan Semarak, amma wa yake ƙin yabo? Ga shi masu ɗaukar nauyinsa sun yi shiru wata bakwai, bizarsa da ta matarsa Walida da ta 'yarsu Khaulah duk ƙarshen wata za su ƙare, abin da ya tara kuma ko rabin kuɗin sabuntawa bai kai ba. In bai sabunta ba, sai tattara kaya a koma Kano ba digiri. Ya kwashe kuɗin gaba ɗaya ya zuba a kan "za ta haukace".

Roƙon surukinsa kuwa, ko a mafarki. Alhaji mutum ne da ba ya gama gaisuwa sai ya sako zancen ɗansa Zaid, ƙanen Walida, "likitanmu na Amurka". Shekara uku Abdulmajid yana haɗiye wannan Amurka, har sunan yaron ya zame masa ciwon kai.

Da ya idar da sallar la'asar ya juyo. "Maman Khaulah, ina da wata buƙata. Ki taya ni da amin."

A gidan da ta tashi, in mutum ya ce yana da buƙata ba a tambayarsa wace iri. Ta ɗaga hannu ta ce amin.

Ranar Talata ta kawo masa shayi, ta tarar da taswirar a buɗe a kwamfuta: jan dunƙule yana juyi, ga tsibiran a gabansa kamar tsakuwa uku. Bai samu damar rufewa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dube shi. Ya shirya wa faɗa, har ya tanadi kalmar "hasashe" a bakinsa. Sai kawai ta dafa kafaɗarsa, idonta ya ciko, ta fita. Washegari ta tashi da azumi.

Kunya ta kama shi, amma daɗin ya fi kunyar yawa. Mace ta gari ke nan, ta ga mijinta a cikin matsi, ta rufa masa asiri.

Laraba iskar ta yi sanyi, ta koma casa'in. Hankalinsa ya tashi. Ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Jalan Masjid India, ya sayi shinkafa ƙunshi goma ya raba wa mabarata, kowanne yana ce masa Allah ya biya buƙata da yarensa. Alhamis ta haura ɗari da goma. A ranar, Walida ta ƙona girki sau biyu, ta wuni a baranda da waya a kunne tana magana da gida ƙasa-ƙasa. Bai tambaya ba. Hirar gidansu ai ya san inda take ƙarewa.

Mutanen tsibiran? Sau ɗaya suka faɗo masa a rai, Hisham ya kore su. "Ko ka zuba ko ba ka zuba ba, iska abin da ta ga dama za ta yi." Gaskiya ne, kuma irin gaskiyar nan ce mai sa mutum ya ci abinci ya ƙoshi.

Ranar Juma'a ana fitowa daga masallaci ya duba waya. Ɗari da hamsin, kuma ta sauka a kan tsibiran. Ya tsaya a cikin takalman jama'a yana alhamdulillahi, har wani dattijo ya yi masa murmushi. Hotuna suka fara shigowa, rufin kwano a kan bishiya, jiragen ruwa a tsakiyar titi, wani gidan kwanan ɗalibai da ya zauna a ƙasa. Ya wuce su da babban yatsa.

Asabar da hantsi kuɗin suka shigo. Biza ta samu, har da ragowa. Ya sayo wa Walida mayafi ruwan toka, ya sa aka ƙunsa masa kaza, ya hau bene yana shirya yadda zai ce mata amin ɗinta ta karɓu.

A bakin ƙofa ya ga takalman mata birjik. Ciki maƙwabta sun zauna jugum, wata ta rungume Khaulah. Walida tana ƙasa ta jingina da bango.

"Abban Khaulah," ta ce, muryarta a dishe. "Zaid ya rasu. Gidan kwanansu ne ya rufta da su."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A Amurkan?"

Ta girgiza kai.

"Ka daina rufa mana asiri, ai ya ƙare. Baba ne ya hana a faɗa cewa an hana Zaid bizar Amurka, shi ya sa aka kai shi makarantar likitanci ta Sent Orin. Tun ranar da na ga taswirar nan na san ka gano." Ta kama hannunsa, wanda ke riƙe da ledar mayafin. "Kwana biyar kana bin iskar nan, kana yi masa addu'a, har da sadaka. Allah ya saka maka da abin da ka roƙar masa."