Allin Famfon Inna

Karo na goma sha ɗaya ke nan mai gyaran famfo yana kwance bakin famfon kicin ɗin tsohuwar nan, kuma abin da ya tarar a karon farko shi ya sake tararwa: 'yar rariyar da ke bakin famfon ta toshe da farin tsaki. Alli yake kiran abin. Ruwan unguwar mai nauyi ne, duk inda ya bi sai ya bar farin ɓawo, ya yi ta taruwa har bututu ya shaƙe.

Saboda haka ne bara ɗan tsohuwar ya sa a ɗaura mata na'urar da ke hana alli kama bututu. Mai famfo da hannunsa ya ɗaura ta, a jikin babban bututun da ke shigo da ruwa gidan. Ya ɗaura irinta a gidaje sun fi talatin, babu wanda ya sake nemansa. Gidan nan kaɗai ya gagare shi. Wata ba ya ƙarewa sai wayarsa ta yi ƙara, ruwa ya koma ɗiga.

"Kai dai na'urar nan taka ta ado ce," in ji tsohuwar, tana miƙo masa wani tsohon gwangwanin madara. "Karkaɗe a nan, kada ka ɓata mini ƙasa, yanzu na share."

"Inna, ruwan gidanki ne ya raina ni," ya ce.

Aikin minti biyar ne, amma bai taɓa fita kafin awa biyu ba. Kafin ya mayar da rariyar, shayi ya tafasa, an jawo masa kujera. Ta ba shi labarin mijinta da ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki, da ɗakuna ukun da yanzu suke kulle, da ciwon gwiwarta wanda ta ce ya fi ɗanta yawan ziyara. Shi kuma ya yi ta dariya har da tari.

Gaskiyar magana, ba ya jin haushin kiran. Shekara huɗu da rasuwar matarsa, 'ya'yansa mata biyu aure ya kai su nesa. In ya koma ɗakinsa, rediyo ce ke magana, shi yana saurare. A sauran gidaje nuna masa inda ya lalace ake yi, kowa ya shige sabgarsa. Nan kaɗai ake tambayarsa ko ya ci abinci. Yana jin kunyar abin, amma duk ranar da famfon ya toshe, farin ciki yake yi da gazawar aikin hannunsa.

Kwana biyu bayan wannan zuwan, ɗan tsohuwar ya kira shi daga garin da yake aiki.

"Malam, ka faɗa mini gaskiya. In abin nan ya fi ƙarfinka, ba zan bar tsohuwa a gidan da ruwa ke yi mata yanga ba. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke ta, in rufe gidan."

Mai famfo ya san abin da hakan ke nufi. Ta sha gaya masa cewa gawarta kaɗai za a fitar daga gidan nan. In bai gano matsalar ba, za a raba ta da gidanta. In ya gano, ta zauna, shi kuma ba shi da sauran dalilin taka ƙofar. Ya ajiye wayar, ya tashi ya haɗa kayan aikinsa gaba ɗaya.

Da safe ya isa ba tare da an kira shi ba. Tsohuwar ta yi murnar ganinsa, amma da ta ga babban akwatin kayan aikinsa sai murnar ta ragu.

"Yau sai na ga bayan allin nan, Inna," ya ce.

Ya rufe ruwan gidan. Ya buɗe na'urar, lafiyarta ƙalau. Ya kwance famfon banɗaki, tas. Ya kwance na tsakar gida, ya zura yatsa, ko ƙura bai ɗebo ba. Ya dawo kicin ya cire bututun da ke hawa zuwa famfon, ya ɗaga shi saitin taga ya leƙa. Haske ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan, kamar jiya aka sayo shi.

Ya sosa ƙeya. Shekara talatin yana wannan sana'a, bai taɓa ganin allin da ke tsallake bututu ya je ya sauka a bakin famfo ba.

Yau ba a ɗora shayi ba. Tsohuwar tana tsaye a ƙofar kicin, tana murza gefen mayafinta.

Ragowar ruwa ya fara tsiyaya ƙasa. Ya durƙusa ya jawo ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ko zai sami tsumma.

"Bar wurin nan!" ta ce, amma ya riga ya buɗe.

Bai sami tsumma ba. Gwangwanin madarar ya gani cike da farin tsaki, da ƙaramin cokali a ciki, kusa da shi kuma wata 'yar sifana daidai bakin famfon. Ya ɗauko gwangwanin ya juyo ya dube ta.

"Don Allah kada ka zubar, ɗan nan, shi ke nan gare ni," ta ce. "Tun da ka ɗaura abin nan ruwan ya daina kawo sabo. Cokali ɗaya nake mayarwa duk wata, in ba haka ba wa zai buga mini ƙofa?"