Ɗaki Mai Taga

Masawudu ya durƙusa da tef ɗin awo yana auna faɗin sandar uwarsa, ta ƙarfe mai ƙafa huɗu, wadda aka ba ta a asibiti bayan ta faɗi a banɗaki. Hajiya Salimatu tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Ɗinki za ka yi mata?"

"Don ƙofar ɗakin jirgi ne, Mma. Akwai ƙarami, akwai babba. Babban nake so in kama miki."

Ya ajiye mata takarda mai hotuna. Jirgin ruwan shaƙatawa, daga Baltimore, kwana bakwai. Babban ɗakin yana da taga, da ƙofa mai faɗi, da ƙarfen dafawa a banɗaki, da maɓallin kiran ma'aikaci a gefen gado.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aikin kula a gidan tsofaffi a Largo, tun zuwanta daga Kumasi, kuma ta san irin wannan ɗakin kamar tafin hannunta. Ta san yadda ake kawo su ma. Ba mai ce wa uwarsa ajiye ta zai yi. Hutu za mu je, ake ce musu. Ita da kanta ta sha karɓar akwati daga hannun ɗa, uwar tana tambaya ina tekun.

Ta yi lissafin inda za a iya kai ta. Gidan Masawudu a Largo ɗaki biyu ne kacal, ɗaya nasa da matarsa Nusrat, ɗaya na 'yan matansu, sai wani kurkuku a ƙarƙashin ƙasa inda injin wanki yake. Babu wurinta a can, shi ya sa ma take zaune ita kaɗai a hawa na tara a Alexandria, wani gari da ba shi da nisa sosai da su.

Sai ta gwada shi. Ta ce ƙaramin ɗakin take so, in dai kwana bakwai ne. Masawudu, wanda ke zagaya shaguna uku kafin ya sayi buhun shinkafa, ya ce sam, sai babban. Washegari ya nemi jerin magungunanta. Ranar tafiya ya karɓi makullin gidanta, wai Nusrat za ta riƙa ba shukokinta ruwa, tunda ita aiki ya hana ta zuwa. Shukokin nan biyu na roba ne.

Hajiya ta yi sallama da maƙwabta irin ta wanda ba zai dawo ba, ta shiga mota tana jan carbinta har Baltimore.

Sai ga jirgi, fari fat, ya fi ginin da take zaune tsawo.

Kunya ta rufe ta. Ta yi ta istigfari a zuci kan zargin da ta yi wa ɗanta. Ɗakin kuwa ya yi daɗi, sandarta na wuce ƙofa ba ta goga ko'ina, ga wurin shimfiɗa sallaya ba sai an ture kujera ba. Shi Masawudu can ƙasa ya kama nasa, wani ɗan akurki marar taga kusa da injuna. Da ta yi masa faɗa, ya ce yana so ya ga ko mutum zai iya barci a irinsa. Kullum da safe yakan zo da ɗan littafi yana tambayarta: tsayin gadon ya yi? Ƙarfen banɗakin, dama ya fi ko hagu?

"Babban ɗakin ya ci kuɗinsa, Mma?" ya tambaye ta a rana ta shida.

"Ei, ɗana. Irin wannan ai ko shekara goma sai in zauna."

Ya rubuta wani abu a littafin. A nan murmushinta ya ɗauke.

Da suka sauka, ta nemi makullinta. Ya ce yana wurin Nusrat. Mota ta bar Baltimore, ta wuce mararrabar da ya kamata su bi zuwa Alexandria, ta miƙe. Hajiya ta karanta allon hanya: Largo. Ashe jirgin gaskiya ne, amma kwana bakwai sun ishi mutum kwashe gida. Ta yi baƙin ciki irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ta rufe ido don kada ta ga ginin da ta yi wa bauta, ta ƙudura ba za ta yi kuka a gaban tsofaffin abokan aikinta ba.

Motar ta tsaya. Ya kama hannunta, ta taka wani sabon katako mai gangare a maimakon matakala, ta ji warin fenti. Sandarta ta wuce ƙofa ba ta goga ko'ina ba. Sai da ya zaunar da ita sannan ta buɗe ido.

Gadonta ne, da zanen Kumasi a kai. Ga taga babba, ga ƙarfen dafawa a dama, ga shukokinta biyu na roba. Amma ta san labulen nan, ita ta saya wa Nusrat lokacin aure. Jikokinta suna leƙe a bakin ƙofa suna dariya.

"Wannan ai ɗakinku ne," ta ce. "Ku kuma fa?"

A bayan Masawudu, Nusrat ce ke wucewa da matasan kai biyu a hammata, ta nufi matakalar da ke sauka wurin injin wanki.