Ranar Da Aka Kife Jirgin Fito

Ka ishe ni da cewa ai a gaban kowa aka ƙirga ƙuri'un shugaban ƙasa, don haka magana ta ƙare. To zauna ka ji. An yi wani gari na manoman shinkafa wanda kogi ya raba biyu. In za su zaɓi sarkin noma, layi ake yi a bakin kasuwa, kowa ya tsaya bayan gwaninsa, wani dattijo da aka yarda da shi ya bi yana dafa kafaɗa yana ƙirgawa. Sarkin noman ne ke kiran gayya kafin damina ta kankama, a taru a gyara jingar da ke tare ruwa, ta wannan gaɓa da ta ƙetare. Wata shekara mai riƙe da sarautar ya lura mutanen ƙetare sun juya masa baya, ga shi kuma jirgin fito ɗaya ne tak a garin, na surukinsa. Ranar layi sai aka wayi gari an kife jirgin a kan yashi, wai ana toshe masa ɓula. Dattijon ya ga jirgin da idonsa, ya kuma hango mutane cunkus a gaɓar can suna ɗaga huluna suna kira. Ya kawar da kai, ya ce shi ƙirga aka sa shi, ba fito ba. Ya kuwa ƙirga tsaf, bai ƙara mutum ba, bai rage ba. Mai sarauta ya koma kujerarsa, aka sha kiɗa.

Da mutanen ƙetare suka kawo kuka, dattijon nan har haushi ya ji. Ya yi ta rantsuwa kamar zai haɗiyi harshensa cewa lissafinsa daidai ne, alhali ba wanda ya ce ya yi kuskuren lissafi. Abin takaici, mutum da furfurarsa ya kasa gane abin da ake faɗa masa. Suka gaji suka koma ƙetare, shi kuwa ya ɗauka sun haƙura. Hadari ya fara haɗuwa, sarkin noma ya sa aka buga gangar gayya. A ranar jirgi lafiyarsa ƙalau, yana bakin ruwa yana jira, amma ko mutum ɗaya bai shiga ba. Mutanen ƙetare suka gyara jingarsu, suka aiko cewa wanda aka ƙirga ya zaɓa, wanda aka ƙirga ya yi masa aiki. Rabin gari ya yi ta jidar ƙasa bai kai ko'ina ba, kogi ya cika ya ɓalle jingar wannan gaɓa. Gonar dattijo ita ce ta farko a bakin ruwa. Ya tsaya ruwa iya gwiwa yana kallon shinkafarsa ta nutse, har yanzu yana gaya wa duk wanda ya gifta cewa shi dai ƙirgansa daidai ne.

Daidai ne mana. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.