Ranar da Gari Bai Kwanta Ba

A Hayin Banki, cikin shekarun 1950, akwai wani tela mai suna Tanko, da matarsa Indo, da 'yarsu Ladidi. Abinci bai yanke musu ba. Kwanciyar hankali ce babu, domin Tanko mai saurin hannu ne.

Ya koyi shan gahawa a Sudan, kan hanyar Makka. Kullum da safe Indo takan soya ƙwayar a kasko, ta daka da citta, ta tafasa a buta. Ba su da mataci, sai ta ajiye butar har garin ya kwanta.

Wata safiya Ladidi ta fasa ɗaya daga kofunan tangaran biyu da babanta ya zo da su daga Sudan.

"Inna, kashe ni zai yi!"

"Yi shiru, shiga ɗaki."

Indo ta haɗa fasasshen a kan tire kamar bai fashe ba, ta zuba masa a mai lafiyar. Tanko ya kurɓa, gari ya cika masa baki. Ya tofar, ya shure tiren, ya kifa mata mari har leɓenta ya fashe. Sai ya ga tangaran a warwatse.

"Dubi abin da kika sa na fasa!" Ya fice.

Ladidi tana goge mata jini ta ce, "Inna, yau kin manta ba ki bari ya kwanta ba."

"Ya kwanta, 'yar nan. Ni na girgiza butar."

Nan Ladidi ta gane dukan da za a yi mata ne Inna ta karɓa.