Ƙofar da Tavita Bai Buɗe Ba

Kowa ya san Tavita, wasan bidiyon da babu harbi ko tsere barci yake sa shi. Budurwarsa Sieni kuwa mai labari take so, har kuka take yi wa mutanen ciki.

Ranar da ta dawo birnin Brisbane daga jinyar kakarta a ƙasar Samoa, ta same shi a garejin gidan su Tavita. Ta kunna wasan da suka fara tare kafin tafiyarta, sai ga jarumar tsaye bakin ƙofar ƙarshe, inda suka bar ta.

"Kai mai tsallake duk hirar ciki, wannan ɗan ragowar ya gagare ka? Rago!"

"Na sha kai hannu," ya ce, idonsa a ƙasa. "Amma in na ga ƙarshen ni kaɗai, wa zan tsokana in ta fara hawaye?"

Ta harare shi, dariya na neman ƙwace mata.

"Sieni, an ba ni aiki can nesa, a birnin Perth. Ba zan tafi babu ke ba. Ki aure ni."

Ta kamo hannunsa. Sannan ta ɗora yatsansa kan maɓallin buɗe ƙofar, nata a sama.

"Kakata za ta yi jawabi ranar bikin, kuma ba ta san gajarta zance ba. Ita ba a tsallake ta."

Suka danna tare.