Kifin da Ya Zaɓi Shifaz

Shak, ƙaton kifin nan mai kaifin haƙora, ya sake juyowa, karo na uku. Masu nutso huɗu ne a ƙarƙashin tekun tsibirin Fuvahmulah, amma Shifaz kaɗai yake bi.

Shifaz ya manna bayansa da dutse, ya tokare hancin kifin da kyamararsa. Shekara shida yana ɗaukar hoton waɗannan kifaye, ko ɗaya bai taɓa kula shi ba. Ya duba hannu da ƙafa, babu rauni, babu jini. Iskar tukunyar numfashinsa ta kusa ƙarewa, ga kifi ya tare hanyar sama.

A karo na huɗu kifin ya cafki gefen rigarsa ta nutso, ya girgiza shi, ya yage aljihun, ya yi gaba.

Da aka jawo shi cikin jirgi, ya sauke tukunyar iskar ya zauna.

"Kai, me ka yi wa kifin nan? Matarsa ka ƙwace?" in ji Naushad, matuƙin jirgin.

Kafin Shifaz ya amsa, wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce.

"Ɗan nan, ka fita ba ka karya ba. Ka dai ga ƙyafaffen kifin da na cusa maka a aljihun rigar ruwanka ko?"